GIDA MAKARANTA CE: MAKO GUDA NA TARIHI, GIRKI DA KIMIYYA A JOS

Gabatarwa

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa iyaye a Nijeriya su sa 'ya'yansu a makaranta, kowane yaro ya yi shekara 6 a firamare, sa'an nan ya yi shekara 3 a ƙaramar sakandare. Wannan wajibi yana nan daram, kuma babu wani karatun gida da zai ɗauke shi daga wuyan iyaye. Amma duk wanda ya yi lissafi zai ga cewa sa'o'in da yaro yake yi a gida sun ninka waɗanda yake yi a gaban malami. Ga dogon hutu na ƙarshen shekarar karatu, ga ranakun Asabar da Lahadi, ga kuma lokutan da akan rufe makarantu ba shiri, kamar yadda ya faru a watan Maris na 2020, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan baki ɗaya har tsawon watanni. Yaron da aka bari haka nan a irin waɗannan lokuta yakan koma aji ya tarar karatun da ya iya ya yi tsatsa, wani ma daga nan sha'awar makaranta take fita daga ransa.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa iyaye yadda za su tsara mako guda na koyarwa a gida, da kayan da ke hannunsu, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. An zaɓi fannoni uku, watau tarihi da girki da kimiyya, domin kowane gida yana da dattijo mai labari, yana da murhu, yana kuma da ruwa da wuta da ƙasa. An ɗauki misalin wani iyali na Kirista a unguwar Tudun Wada cikin garin Jos. Misali ne kawai, saboda haka ba a sa wa kowa suna ba. A gidan akwai Baba, ma'aikaci ne, da Mama, 'yar kasuwa ce, da Kaka, mahaifiyar Baba, da yara uku: babbar 'ya mai shekara 12, da ƙanenta mai shekara 9, da auta mai shekara 6.

Tsarin mako

Kowace safiya iyalin sukan fara da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki na Hausa, yara suna karantawa da babbar murya bi da bi. Wannan da kansa horon karatu ne. Bayan karin kumallo da shara sai a shiga darasi, kuma ba ya wuce sa'a 2. Kowane yaro yana da littafin rubutu guda, inda zai rubuta kwanan wata da abin da ya gani da abin da ya fahimta. Auta, da yake hannunsa bai faɗa ba tukuna, zane yake yi, Yayarsa ta rubuta masa sunan abin a ƙasa.

Litinin: tarihin kuza da kafuwar Jos
Talata: regen acca da dafa gwate
Laraba: sanyin Jos da tafasar ruwa
Alhamis: ziyarar Gidan Tarihi
Juma'a: kasuwa da dankalin turawa
Asabar: masa da yis, da tarihin ikilisiya, da bita
Lahadi: sujada da hutawa

Litinin: Tarihin kuza daga bakin Kaka

Kaka ta yi aikin ɗaukar ƙasa da kwanon sarki a wani filin haƙar kuza kusa da Bukuru lokacin ƙuruciyarta. Tun daren Lahadi aka ce wa kowane yaro ya shirya tambayoyi 3. Da safe aka shimfiɗa tabarma a hantsi, suka zauna gabanta.

Na tsakiyan ya ce, "Kaka, da wane lokaci kuke fita aiki?"

Ta ce, "Kai maigidana, da kai ne da ba ka iya ba. Tun da duhu muke fita, raɓa tana jiƙa mana zane, sanyi yana ratsa ƙashi."

Ta ba su labarin yadda maza suke sara da diga, mata suna jigilar ƙasa a ka, ana zubawa a magudanar ruwa ana wankewa har baƙaƙen ƙwayoyin kuza su kwanta. Da Baba ya dawo da yamma sai ya ƙara musu da abin da ke rubuce a littattafai. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwe suna narkar da kuza, suna mai da shi sirara kamar tsinke, fatake suna kai wa kasuwanni. A shekarar 1902 Kamfanin Neja ya aiko a bi sawun inda wannan ƙarfe yake fitowa, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan aka fara haƙa a Naraguta, gefen kogin Dilimi. A ƙasar Birom da Anaguta da Afizere aka kafa sansanonin aiki, leburori da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga Kano da Zariya da Bauchi da Barno da kudancin ƙasar nan. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, babban layi daga Kafanchan ya iso a 1927. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya samar wa ma'adinai wutar lantarki daga ruwan Kurra.

Baba bai ɓoye musu ɓangaren baƙin ciki ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila take samun kuza mai yawa, gwamnatin mulkin mallaka ta sa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944. An kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa, da yawa kuma suka mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Daga baya ma'adinin da ke kusa da saman ƙasa ya ragu, farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka watse, suka bar tafkuna da tsibin ƙasa waɗanda ake gani har yau.

Aikin ranar shi ne yara su raba shafi gida uku: abin da Kaka ta gani da idonta, abin da aka ba ta labari, da abin da Baba ya karanta. Wannan rabo shi ne tushen ilimin tarihi, gama yana koya wa yaro ya riƙa tambayar inda labari ya fito kafin ya karɓa. An kuma ba auta gwangwanin madara ya duba, aka gaya masa cewa baƙin ƙarfe ne aka shafa masa kuza don kada ya yi tsatsa ya ɓata abin da ke ciki.

Talata: Regen acca da dafa gwate

Acca tana cikin hatsin da aka fi daɗewa ana nomawa a Afirka ta Yamma. Tana yi a ƙasar da ba ta da ƙarfi, wasu irinta kuma sukan nuna cikin wata 2 ko 3, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wahalarta guda ce: ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, kuma yashi yakan shiga cikinta wajen sussuka. Saboda haka tilas a rege ta kafin a dafa.

Mama ta kawo ƙwarya 2 da ruwa. Ta zuba acca a ɗaya, ta cika da ruwa, tana jujjuyawa a hankali tana tsiyaye accar cikin ɗayar, har yashi ya rage a gindin ƙwarya. Ta maimaita sau da dama, sa'an nan ta miƙa wa yara, namiji da mace, kowa ya gwada. Kaka tana kallo, sai ta ce haka ake wanke kuza da ƙwarya a bakin rafi, sai dai a can yashin ake zubarwa, abin da ya kwanta shi ake so.

A nan girki ya haɗu da kimiyya. Idan aka cika gwangwanaye masu girma ɗaya da abubuwa daban-daban, nauyinsu ba zai zama ɗaya ba. Dutsen da yashi yake fitowa daga cikinsa ya ninka ruwa nauyi fiye da sau 2 da rabi, dutsen kuza kuwa ya ninka ruwa wajen sau 7. In an motsa su cikin ruwa, mafi nauyi shi yake riga kwanciya. Shi ya sa yashi yake kwanciya ƙarƙashin acca, ƙwayoyin kuza kuma suke kwanciya ƙarƙashin yashi. Don a tabbatar, an zuba ƙasar lambu cikin kwalba, aka cika da ruwa, aka girgiza, aka ajiye. Tsakuwa ta kwanta nan take, yashi ya biyo, laka ta ɗauki sa'o'i kafin ta sauka, busassun ganyaye kuwa suka taso sama. Yara suka zana kwalbar da hawa-hawanta.

Daga nan aka ɗora gwate. An tafasa ƙashi da wake da albasa da attarugu, aka zuba daƙaƙƙiyar gyaɗa da gauta, sa'an nan aka barbaɗa accar ana juyawa don kada ta yi gudaji. Alayyafo da yakuwa su aka zuba a ƙarshe, domin doguwar dahuwa tana kashe sinadaran da ke cikin ganye. Mama ta nuna musu cewa tukunyar ta haɗa abinci iri uku da jiki yake bukata: mai ba da ƙarfi, watau acca; mai gina jiki, watau wake da gyaɗa da nama; da mai kare jiki daga cuta, watau ganye. Lissafin ranar kuwa daga tukunya ya fito: idan gwangwani 2 na acca ya ishi mutum 6, gwangwani nawa za a auna in baƙi 9 suka ƙaru?

Laraba: Sanyin Jos da tafasar ruwa

Tambayar ranar ita ce: me ya sa Jos ta fi Kano da Legas sanyi? Amsa ita ce tudu. Garin Jos yana bisa tsayin mita 1,200 ko fiye kaɗan daga bakin teku, duwatsun Shere da ke gabas da gari kuma sun haura mita 1,800. Duk hawan mita 1,000, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6. Wannan tudu shi ne kuma ya sa koguna suke gangarawa daga nan ta fuskoki daban-daban: kogin Kaduna ya nufi Kwara, kogin Gongola ya nufi Binuwai, ruwan Dilimi kuwa ya yi arewa maso gabas wajen tafkin Chadi. An kifa kwano a tsakar gida, aka zuba masa ruwa a ka, yara suka ga yadda ruwan yake rarrabuwa.

Tudu yana shafar tukunya ma. Baba ya aro ma'aunin zafi irin na ɗakin gwaji, wanda yake kaiwa digiri 110, aka tsoma cikin ruwa mai tafasa. Littafin makarantar babbar 'yar ya ce ruwa yana tafasa a digiri 100, amma ma'aunin ya tsaya wajen digiri 96. Ta ce, "Baba, ko littafin ne ya yi kuskure?" Ya ce mata littafin yana maganar bakin teku ne, kamar Legas. Iskar da ke sama da mu tana da nauyi, tana danne fuskar ruwa. A kan tudu iskar da ke bisa kai ta ragu, dannawarta ta yi sauƙi, saboda haka tururi yake samun hanyar fita tun ruwan bai kai digiri 100 ba.

Aka ƙara wuta, ruwan ya yi ta ɓararraka, amma ma'aunin bai motsa ba. Darasi biyu suka fito daga nan. Na farko, in tukunya ta tafasa, ƙarin wuta ɓarnar itace ko gas ne kawai. A rage wuta a rufe tukunya. Na biyu, abinci mai tauri kamar wake yakan ɗan fi daɗewa a wuta a Jos, tun da ruwan bai kai na bakin teku zafi ba. An dafa wake kashi 2, ɗaya wanda aka jiƙa tun dare, ɗaya busasshe, na tsakiyan yana riƙe da agogo yana rubuta lokacin da kowanne ya nuna. Jiƙaƙƙen ne ya riga. Mama ta ƙara da cewa kanwa tana sa wake ya yi laushi da wuri, amma in ta yi yawa tana lalata wasu sinadarai masu amfani. Ya kamata kuma a sani cewa tafasar Jos ta isa ta kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha, muddin an bar shi ya yi minti guda yana tafasa sosai.

Idan damina ce, a ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen gefe a fili, nesa da indararo, a auna zurfin ruwan da ya taru da rula kowace safiya, a rubuta, a zubar. Jos takan sami ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, mafi yawansa tsakanin Afrilu da Oktoba.

Alhamis: Ziyarar Gidan Tarihi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ranar Alhamis Mama ta kai yara Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 bisa ƙoƙarin wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg. Kowane yaro ya tafi da fensir da littafinsa, da sharaɗin zai zaɓi abu guda ya zana shi da kyau.

Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne kawunan yumɓu na Nok. Haƙar kuza ce ta tono su. An tsinci na farko a 1928 kusa da ƙauyen Nok, wanda yanzu yake cikin Jihar Kaduna. A 1943 aka kawo wa Fagg wani kai da aka samu a Jama'a, ya lura cewa ƙirarsu iri ɗaya ce, daga nan bincike ya kankama. Masana sun tabbatar cewa mutanen da suka gina su sun rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma an tono murahun narkar da tama na zamaninsu a Taruga, waɗanda suke cikin mafi daɗewa a wannan yanki na Afirka. Watau tun wancan zamani akwai manoma da maƙera da gwanayen ginin yumɓu a tsakiyar ƙasar nan.

Yara suka lura cewa kawunan suna da rami a ciki, kuma an huda idanu da hanci da baki. Wannan yana da alaƙa da darasin Laraba. Ɗanyen yumɓu yana da ruwa. In an sa shi a wuta ruwan ya zama tururi, in kuwa tururin bai sami mafita ba sai ya fasa ginin. Da suka koma gida an ba su yumɓu, kowa ya gina kai mai rami a ciki, aka ajiye a inuwa ya bushe sannu a hankali.

A harabar gidan akwai kuma sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, akwai kuma tsofaffin kawunan jirgin ƙasa. Mama ta gaya musu cewa waɗannan duka gadon 'yan Nijeriya ne baki ɗaya, Kirista da Musulmi, kuma wanda ya san gwanintar maƙwabcinsa zai fi ganin girmansa. Ta kuma ja musu kunne cewa doka ta hana tono ko sayar da kayan tarihi. Wanda ya tsinci irinsu a gona, sai ya sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Juma'a: Kasuwa da dankalin turawa

Da sassafe aka tafi kasuwar Farin Gada, inda ake sauke kayan gwari. Babbar 'yar ce ta riƙe kuɗi da takardar cefane, ƙanenta yana rubuta farashi, kuma kafin a karɓi canji sai sun faɗi nawa ya kamata ya zama. An koya musu su gai da mai kaya da ladabi kafin su taya.

Sunan dankalin turawa da kansa darasin tarihi ne. Asalinsa daga duwatsun Andis ne, a yankin ƙasashen Peru da Bolibiya na Kudancin Amurka. Mutanen Sifen ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, Turawa kuma suka zo da shi nan, ya karɓi ƙasar Filato domin yana son sanyin dare. Yanzu Bokkos da Mangu da Barikin Ladi sun shahara da nomansa, akwai kuma tashar bincike a kansa a Kuru. Baba ya ba su labarin ƙasar Ayalan, inda talakawa suka dogara ga dankali kaɗai. Da wata cutar ganye ta afka masa daga 1845, yunwa da cututtukan da suka biyo ta suka kashe mutum wajen miliyan guda cikin 'yan shekaru. Irin wannan cuta takan kama gonakin Filato in damina ta yi laima da yawa. Hikimar kakanni ta shuka acca da dawa da gwaza da wake tare, ashe kariya ce daga irin wannan masifa.

Da yamma aka yi gwaji 2. An yanka dankali, aka ɗiga masa aidin irin na sa wa rauni, nan da nan wurin ya koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi. Aka gwada a kan burodi da dafaffiyar acca, su ma haka. Aka gwada a kan gishiri da sukari, ba su sake ba. Wannan alama ce ta sitaci, abin da jiki yake mayarwa ƙarfi. An zubar da duk abin da aka ɗiga wa aidin, gama ba a cinsa. An kuma nuna musu dankalin da ya yi kore saboda hasken rana, aka gaya musu yana da dafi, kada a dafa shi.

Gwaji na biyu da zoɓo aka yi. An zuba jiƙaƙƙen zoɓo marar sukari a kofin gilashi 3. Aka matsa lemun tsami a na farko, jansa ya ƙara haske. Aka zuba ruwan kanwa a na biyu, ya rikiɗe ya yi duhu mai ratsin kore. Na uku aka bari don kwatantawa. Ta haka yara suka gane cewa akwai abubuwa masu tsami, akwai masu ɗabi'ar kanwa, kamar ruwan toka da sabulu, kuma zoɓo yana iya bambanta su.

Asabar: Masa, tarihin ikilisiya da bita

An jiƙa shinkafa tun daren Juma'a, aka niƙa da safe, aka haɗa da dafaffiyar shinkafa da yis da ɗan sukari, aka rufe. Kafin ƙullun ya tashi aka jera kwalba 3, kowace da sukari da yis. An zuba ruwan sanyi a ta farko, ruwa mai ɗumi a ta biyu, tafasasshen ruwa a ta uku, aka ɗaura balan-balan a bakin kowace. Ta biyu ce ta kumbura da wuri, ta farko ta yi nawa, ta uku ba ta motsa ba. Yis abu ne mai rai. Yana cin sukari yana fitar da iskar da take huda ƙullu ta sa shi kumbura. Sanyi yana rage masa kuzari, zafi mai tsanani yana kashe shi. Shi ya sa a Jos, musamman da hunturu, ake ajiye ƙullu kusa da murhu.

Suna jira, Baba ya ɗauko Littafi Mai Tsarki na Hausa ya tambaye su wa ya san lokacin da aka fara buga shi cikakke. A 1932 ne, bayan aikin shekaru da dama na masu fassara, cikinsu har da Dokta Walter Miller wanda ya zauna a Zariya. Ya gaya musu cewa 'yan mishan na SUM, ƙarƙashin Karl Kumm, sun sauka a Wase a 1904, daga aikinsu ikilisiyar COCIN ta fito. Na SIM kuwa sun fara isowa Legas a 1893, daga aikinsu aka kafa ECWA a 1954. Hedkwatar ikilisiyoyin biyu tana Jos. Sa'an nan Kaka ta faɗi wanda ya fara shiga makaranta a zuriyarsu, yara suka zana bishiyar dangi har zuwa kakannin kakanni.

Da la'asar aka soya masa a tanda, aka gayyaci 'ya'yan maƙwabta, Musulmi da Kirista. Kowane yaro ya tashi ya bayyana abu guda da ya koya, ya kuma amsa tambaya. Wanda ya iya bayyana abu ga wani, shi ne ya fahimce shi. Ranar Lahadi babu darasi, sai sujada da makarantar Lahadi da ziyarar dangi.

Gargaɗi ga iyaye

1. Kada a bar yaro shi kaɗai da wuta ko wuƙa ko tafasasshen ruwa.
2. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.
3. A hana yara wanka ko wasa a tafkunan kuza. Suna da zurfi, gefensu yana zaftarewa, kuma sun ci rayuka.
4. Kada a daki yaro don ya yi tambaya ko ya kasa amsa. In iyaye ba su san amsa ba, a rubuta tambayar a kai wa malami.
5. A koya wa 'ya'ya maza girki, a koya wa 'ya'ya mata awo da gwaji. Kowa zai bukaci duka biyun.
6. Ranar da aka koma makaranta, yaro ya koma, ya tafi da littafinsa ya nuna wa malaminsa.

Ga iyalan wasu garuruwa

Wannan tsari bai tsaya ga Jos ko ga Kirista kaɗai ba. Iyalin Musulmi za su fara da sallar asuba da karatun Alƙur'ani, su mai da hutunsu ranar Juma'a. Mutanen Kano suna da Gidan Makama da dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata, inda rini zai ba da darasin kimiyya. Na Katsina suna da hasumiyar Gobarau, na Sakkwato suna da Hubbare, na Zariya suna da ganuwa. Inda babu gidan tarihi akwai maƙera da masaƙa da tsofaffi. Uwar da ba ta yi boko ba tana da ilimin rege da jiƙo da tsimi, abin da ake bukata shi ne ta riƙa tambayar yaro, "Me ka gani? Me kake tsammani ya jawo haka?"

Tambayoyi don bita

1. Me ya sa yashi yake kwanciya a gindin ƙwarya in ana regen acca?
2. A wace shekara jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos, kuma me ya kawo shi?
3. Don me ruwa yake tafasa a Jos kafin ya kai digiri 100?
4. Mene ne amfanin hudojin da ke jikin kawunan Nok wajen gashi?
5. Wane darasi manomi zai ɗauka daga yunwar ƙasar Ayalan?

Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kayan da aka yi amfani da su a wannan mako ba su wuce ƙwarya da kwalba da gwangwani da cefanen yau da kullum ba, sai kuɗin mota da na shiga Gidan Tarihi. Abin da ya fi tsada a ciki shi ne lokacin iyaye, watau sa'a 2 a rana. Ana kira ga iyaye da shugabannin addini da ƙungiyoyin mata da su karanta wannan darasi tare, su daidaita shi da garinsu, su gwada shi a hutu mai zuwa.